Huji Biyu a Bayan Kujerar Direba: Jinjina ga Mai Fensir

Babban yatsansa na dama baƙi ne. Abin da na fara lura da shi ke nan ranar da ya tsaya a ƙofar gidanmu yana sallama. Ba baƙin mai ba ne irin na makanikai. Baƙin fensir ne, ya shige cikin layukan fata har sabulu ya haƙura da shi.

Kowace safiya Mai Fensir yakan buɗe ɗan shagonsa da ke ƙarshen layin makanikai, ya share ƙofa, ya zauna a benci ya fere fensir da reza. In ya gama sai ya soke shi a bayan kunne, ya ɗauki jakarsa. A cikinta akwai tocila, da ƙaramin madubi a bakin sanda irin na likitan haƙori, da tsumma, da farar takarda marar kauri. Sai wata tsohuwar tabarma da yake naɗewa ya rataya a kafaɗa. Kayan aikinsa ke nan duka.

Akwai masu hali da ke tara tsofaffin motoci, irin waɗanda suka girmi iyayenmu, suna gyara su suna ajiyewa. Darajar irin wannan mota ba a gudunta take ba, a asalinta take. Shin ita ce wadda takarda ta ce? Ta hannun wa da wa ta biyo? Me aka canza mata? Kafin a saya ko a sayar, sai a aika wa Mai Fensir. Zai shimfiɗa tabarmarsa ya shige ƙarƙashin motar, ya nemo lambar da kamfani ya buga a ƙashinta, wato babban ƙarfen da ke ɗauke da ita, ya goge tsatsa, ya ɗora takarda ya yi ta shafa fensir a hankali har lambar ta fito fara a cikin baƙi. In an taɓa kankare lamba an sake bugawa, shafar nan za ta nuna, ko da ido bai gani ba. Daga nan ya gwada da takardun motar. Daga nan kuma ya shiga gari neman mutanen da suka taɓa hawa ta. Sai ya gamsu yake rubuta tarihinta ya sa hannu, kuma masu tara motoci sun san nauyin wannan sa hannun.

A ƙarshen watan nan zai naɗe tabarmar. Bayansa ya daina yarda da kwanciya a siminti, idonsa kuma ya fara yi masa gardama. Ba wanda ya kama shi da kuskure. Shi ne ya ce wa maƙwabcinsa mai fenti, "Ranar da na ji bakina ya ce kamar bakwai ne, kamar ɗaya ne, ran nan na san lokaci ya yi. Aikin nan ba a yin sa da kamar."

Mai fentin ne ya ba ni labarin wani abokin Mai Fensir na ƙuruciya. Mutumin ya kawo masa wata mota yana murna, ya ce a duba a sa hannu. Mai Fensir ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe bai fito ba. Ashe gaban motar na wata ce, bayanta na wata, an haɗa su da walda a tsakiya an shafe da fenti. Ya fito ya faɗa masa, a gaban kowa bai faɗa ba, sai da ya ja shi gefe. Abokin ya yi fushi, ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Mai fenti ya ce, "Ran nan shayinsa a kan benci ya huce. Na ce masa, kai ma dai, da ka rufe ido ɗaya. Ya ce da wane idon zan dube shi ranar da ta rabe biyu da iyalinsa a ciki?"

Wani dillali kuwa dariya ya yi da na tambaye shi. "'Yata, in na hango shi da tabarmar nan, sai in fara tuna duk abin da na faɗa tun safe. Amma in zan saya wa kaina, shi nake kira."

Matar Mai Fensir ta ce wankin rigunansa ya ishe ta, don baya ne kawai ke yin datti. Ta faɗi haka tana murmushi.

Ni kuwa ba ta hanyar mota na san shi ba. Ta hanyar kakana na san shi.

Kaka tela ne. Haka muka buɗe ido muka gan shi, haka 'ya'yansa ma suka gan shi: dattijo mai gajeriyar ƙafar hagu, yana tafiya da sanda, yana taka keken ɗinki da ƙafar dama ita kaɗai. Ba mai yawan magana ba ne. Amma bayan rasuwar kakarmu sai ya fara wani zance da ba mu taɓa ji ba. Ya ce shi direba ne. Ya ce tun kafin ya yi aure, a wani gari mai nisa, ya tuƙa wani likita a wata doguwar mota mai launin toka, suna zagaya ƙauyuka duba marasa lafiya. Da farko dariya muka yi. Baffa, yayan babanmu, wanda gidan ke hannunsa, ya ce, "Baba, da wannan ƙafar? Keke ma ban taɓa ganin ka hau ba, sai na ɗinki."

Kaka bai daina ba. Wata rana ya ji ana hirar masu tara tsofaffin motoci, sai ya ɗauki sandarsa ya fita bai gaya wa kowa ba. A tasha aka same shi, yana tambayar direbobi ko sun taɓa ganin motar Likita. Baffa ya dawo da shi gida, ya ce gigin tsufa ne. Ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar gida, ya jefa makullin a aljihunsa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma kowa ya ce ya yi daidai. Daga ranar, in Kaka ya yi magana sai a ce "to, Baba," irin yadda ake ce wa yaro. An daina neman shawararsa. Mutumin da ya gina gidan ya koma sai ya roƙa a buɗe masa. Da ya gane ba a yarda da shi, sai ya yi shiru gaba ɗaya. Yakan zauna a tsakar gida yana kallon ƙofa. Ko tsokanar da yake yi mini, yana ce mini amaryarsa mai karatu ba girki, ya bari.

Ana cikin haka Mai Fensir ya yi sallama. Baffa ne ya buɗe.

"Dattijon gidan nake nema."

"Ba ya ganin baƙi. Ba shi da lafiya."

"Subhanallahi. Me ke damunsa?"

"Tsufa."

"To ai ciwonmu ɗaya. Bar ni mu jajanta wa juna."

Daga baya na ji abin da ya kawo shi. Wani Alhaji mai tara motoci ya sayi doguwar mota mai launin toka, dillali ya ce masa ta wani minista ce na zamanin da. Lambarta ta yi daidai da takarda, amma takardun farko sun ɓace, ba a san wanda ya fara mallakarta ba. Da Mai Fensir ya duba sai ya ga an yi waldar wani guntun ƙarfe a kan kuloci, wato matakin da direba ke takawa da ƙafar hagu in zai sa giya. Waldar tsohuwa ce, ƙarfen ya sha taku har ya yi santsi. Ya ce a ransa, ba wanda zai ƙara wa kuloci tudu sai wanda ƙafarsa ba ta kai ba. Sai ya bi tashoshi yana tambayar tsofaffin direbobi ko sun san wani mai gajeriyar ƙafar hagu. Ya sha yawo a kan haka, kuma ba wanda ya sa shi. A wata tasha aka ce masa, ai kwanaki wani tsoho mai sanda ya zo yana neman wata mota, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi. Fitar da ta sa aka kulle Kaka, ita ce ta nuna hanyar gidanmu.

Na kawo ruwa na tsaya daga bakin ƙofar ɗaki. Mai Fensir ya zauna a ƙasa, bai karɓi kujera ba. Bai ambaci mota ba, bai faɗi launinta ba.

"Baba, an ce ka taɓa yin tuƙi."

Kaka ya dubi Baffa tukuna. Wannan kallon har yau yana yi mini ciwo.

"An ce ban yi ba."

"Ni ban ji daga bakinka ba."

Sai Kaka ya fara, a hankali, kamar mai tsoron a katse shi. Likitan ne ya yi jinyar ƙafarsa yana yaro, shi ne kuma ya koya masa tuƙi. Da ya je neman lasin, mai gwada direbobi ya dubi ƙafar ya ce ya koma gida, ko motar bai bari ya hau ba. Likita ya kai motar wurin mai walda aka ƙara wa kuloci ƙarfe, ya miƙa masa makulli. A takarda Likita ne ke tuƙa kansa. A hanya Kaka ne. Da Likita ya rasu aka sayar da motar, ba wanda zai ɗauki gurgu marar lasin aiki, sai ya koyi ɗinki ya bar garin. Kakarmu ce kaɗai ya taɓa gaya wa. Sai a nan Mai Fensir ya ce ya ga irin wannan ƙarfe a wata mota, har ya bi tashoshi yana cigiyarsa.

Baffa ya gyara murya. "Malam, ka yi haƙuri. Kai da kanka ka ce ka bi tashoshi kana zancen ƙarfen nan. Shi ma ya je tasha. Wa ya sani ko can ya ji?"

"Gaskiyarka," in ji Mai Fensir. "Ni ma ba zan sa hannu a kan wannan kaɗai ba." Ya juya. "Baba, nuna mini yadda kake shiga motar. Ga kujera, ɗauka ita ce."

Kaka ya miƙe. Ya kama wata ƙofa da ba ta nan ya buɗe, ya zauna, ya sa hannu ya ɗago ƙafar hagu ya shigar. Sannan ya ɗaga sandarsa ya miƙa ta bayan kafaɗa, ba tare da ya waiwaya ba.

"Me kake yi da hannun nan?"

"Sandata nake ratayewa mana. Likita ya sa an ɗaura mini ƙugiya a bayan kujera. Ƙusa biyu ne suka riƙe ta."

Mai Fensir ya buɗe jakarsa ya zaro wata takarda da ya shafe da fensir, ya miƙa wa Baffa. Baƙa ce ƙirin, sai ɗigo biyu farare kusa da juna. Ya ce a bayan kujerar direba ya samo su, huji biyu ƙanana a jikin ƙarfe, ƙarƙashin sabuwar fatar da aka lulluɓa. Ya daɗe yana tunanin ko na mene ne, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Baffa ya juya takardar gaba da baya. Ya ce, "Sai na gani da idona." Kwaɗon bai motsa ba.

Mai Fensir bai ja da shi ba. Ya yi tafiya har garin da Kaka ya ambata, ya samo 'yar Likita, ita ma yanzu tsohuwa ce. Ta ce ta tuna saurayi mai ɗingishi da ke kai ta makaranta, ta tuna sandarsa tana lilo a gaban fuskarta. Da ya dawo ya zo gidanmu da fensirinsa.

"Baba, zan sa sunanka a tarihin motar. Amma in na sa, dole in rubuta cewa ba ka da lasin. Ka yarda?"

"Rubuta. Wa zai kama ni yanzu? Ai an riga an kama ni, ga kwaɗo can."

Ran nan ne na fara jin dariyar Kaka tun bayan rasuwar kakarmu.

Saura Alhaji, don ba a kai baƙo wurin motar mutum sai da izininsa. Makanikinsa ya gaya mini yadda suka yi.

"Mai Fensir, na sayi motar minista, ka mayar mini da ita motar asibitin ƙauye?"

"Alhaji, ban mayar da ita komai ba. Abin da take ke nan."

"To a cire ƙarfen nan. Ba na kamfani ba ne, kuma masu saye yadda ta fito daga kamfani suke so."

"Motarka ce, ka cire. Amma zan rubuta cewa akwai shi, kuma an cire."

"Kai dai ba a yin ciniki da kai."

"Ana yi, Alhaji. Wannan ne kawai ba na sayarwa ba."

Alhaji bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya daina aika masa, wasu abokansa ma suka ja baya. Mai fenti ya ce a lokacin Mai Fensir yakan fere fensir da safe ya zauna har rana ta yi ba wanda ya kira shi, kuma bai taɓa kai ƙorafi gidan kowa ba. Ban rubuta wannan don in zargi Alhaji ba. Mutum ne da ya sayi abu da wani suna aka ce masa ba haka ba ne. Makanikin ya ce wata rana ya gan shi zaune a cikin motar shi kaɗai, yana taka kulocin yana saki. Da ya fito ya ce, "A bar ƙarfen. A kawo mini tsohon nan in gan shi."

Ranar da aka kai Kaka wurin motar, ban samu na yi wa Mai Fensir godiya ba. Sau biyu na wuce ta ƙofar shagonsa daga baya, na kasa tsayawa. Shi ya sa nake yi a nan, a gaban jama'a.

Kai ne, Baba Mai Fensir, mai kwanciya a ƙasa don gaskiya ta miƙe tsaye. An ɗauke ka ka duba lamba, ka gama dubawa, da ka sa hannu ka tafi ba wanda zai ga laifinka. Amma ka ga ƙarfe ya yi santsi, ka tambayi kanka ƙafar wa ta goge shi. Kai ne ka zauna a ƙasa a gaban tsohon da 'ya'yansa da jikokinsa suka daina sauraro, ka ce ba ka ji daga bakinsa ba. Ba ka yarda da shi don tausayi ba. Ka gwada maganarsa kamar yadda kake gwada ta kowa, kuma wannan ya fi tausayi girma, don ka ɗauke shi mutum mai hankali. Na gode. Allah ya ba bayanka sauƙi, ya bar maka hasken idonka, ya sa a saurare ka ranar da kai ma za ka ba da labarinka.

Ku da za ku gaji aikinsa, ku da ke riƙe da takardu da hatimi a kowane ofis, ku tuna akwai mutanen da ba a taɓa rubuta su ba amma sun yi aikin. In takarda ta yi shiru, kada ku ce ba a yi ba, ku tashi ku nema. Ku kuma masu tsofaffi a gida, kafin ku ce gigi ne, ku zauna ku ce a nuna muku.

Ga yadda ranar ta kasance.

Motar tana ƙarshen wata doguwar rumfa, an wanke ta tana sheƙi. Baffa ne ya riƙo hannun Kaka. Mai Fensir yana tsaye can gefe, tabarma a kafaɗa. Kaka ya zare hannunsa, ya tafi shi kaɗai. Ya ɗora tafinsa a kan bodin, ya daɗe a haka, leɓɓansa suna motsi. Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya ɗago ƙafar ya shigar. Ya miƙa sandar ta bayan kafaɗa ya saki. Ba ƙugiya. Sandar ta zame za ta faɗi, Baffa ya yi wuf ya cafe ta, ya tsaya riƙe da ita.

"Baba, ka iya har yanzu?" in ji Alhaji, yana kaɗa makulli.

"Ɗana, ni da ita ne muka tsufa, ba tuƙin ba. Kawo."

Injin ya yi tari ya kama. Gajeriyar ƙafar nan ta sauka a kan ƙarfen kamar jiya ta bar shi. Ya sa giya, ko ƙara ba ta yi ba. Motar ta fita daga rumfar a hankali, ta zagaya filin gidan, ta dawo ta tsaya daidai inda ta tashi. Ba wanda ya yi tafi. Makanikin ya cire hularsa ya sake sawa.

Kaka ya leƙo ta taga ya hango ni. "Amarya, ba za ki hau in kai ki unguwa ba?"

Baffa ya matsa kusa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin kwaɗon, ya buɗe tafin Kaka ya ɗora, ya rufe masa yatsun da hannunsa biyu. Ya ce, "Baba." Ya durƙusa a gefen ƙofar motar, sandar tana hannunsa.

Na juya in nemi Mai Fensir. Ba ya inda na bar shi. Can bakin ƙofar gidan na hango bayan rigarsa da tabarmar a kafaɗa. Ya ɗaga wa maigadi hannu, ya ja ƙofar a hankali, ya fita.